Allon da Ya Maƙale a Lungun Nima

Tun da na dawo daga Gana malaman makarantarmu ba su bar ni na huta ba. Da an tashi tara sai wata ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Malama Saude, wai yaya Ankarar take?" In ce mata lafiya lau, akwai teku, akwai cunkoso, in ci gaba da makin takarduna. Har an fara cewa rowar labari nake yi. Ba rowa ba ce. Labarin ne bai ƙare ba sai makon jiya, ni kuma ba na ba da amsa kafin in gama aiki. Yanzu ya ƙare, ga shi nan, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ankara ta Gana nake nufi, ba ta Turkiyya ba. Can yayana Sani ya tafi tun ina firamare, bayan ya ajiye nasa karatun don ni in ci gaba da nawa. Ya zauna a unguwar Nima, ya auri wata haifaffiyar can mai suna Memuna, suka haifi 'ya ɗaya. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma ina jin kunyar faɗa, ko sau ɗaya ban taɓa taka ƙasar ba. 'Yar tasa sunan mahaifiyarmu aka sa mata, saboda haka bakina bai taɓa furta sunanta ba. Ummi nake ce mata.

Ana gobe a ba mu dogon hutu Memuna ta kira ni. Ta ce Ummi so take ta shiga makarantar ungozoma, ta ci komai a jarrabawar gama sakandare ban da lissafi. Sau biyu tana sake zama, sau biyu tana fitowa daga ɗakin jarrabawa tun lokaci bai yi rabi ba. Yanzu an buɗe rajista karo na uku, saura mako uku a rufe, ita kuma ta rantse ta gama. "Ƙanwar miji," in ji Memuna, "kai ne dokita na lissafi. Zo ka duba 'yarka." Shekarata ashirin da shida ina koyar da lissafi, ɗalibai Malama Nuna-Aiki suke kirana a bayan ido. Na ce a raina, yarinya ɗaya? Kwana uku ya ishe ni.

Daga Zariya zuwa Ikko ba abin da zan faɗa muku da ba ku sani ba, sai dai gwiwoyina har yau ba su yafe mini ba. A tashar Ikko na faɗa hannun Hajiya Ladi, wata Basakkwata mai fataucin turaren wuta, wadda duk wata take bin hanyar. Ta dubi jakata, ta dubi takalmina, ta ce, "Ke baƙuwa ce. Zauna nan kusa da ni kada a sayar da ke." Ita ta koya mini in riƙe fasfo da katin rigakafi a hannu, in rage shan ruwa, in kuma daina gyara wa direba Turanci.

Iyaka uku ake ƙetarewa a yini guda. A Seme na zazzage jakata kaf a gaban jama'a ina neman katin rigakafin da aka ce in riƙe a hannu, ashe na cusa shi cikin littafin lissafi don alamar shafi. A Kwatano na ga babura kamar an buɗe gidan tururuwa, mata kuma na tuƙa nasu da goyo a baya. Togo kuwa, ban gama cin biredin da Hajiya Ladi ta saya mini ba aka ce mun fita ƙasar.

A iyakar Aflawo wani jami'i ya buɗe jakata ya tarar da kwalin alli shida. Ya karya alli ɗaya, ya sansana, ya dube ni. Da na ce malama ce ni sai ya saki fuska, ya juya zuwa Hausa, ashe ɗan arewacin Gana ne. Ya ce, "Ticha, ɗana ya tsani lissafi. Da ya ga littafin sai ciwon kai. Me zan yi masa?" Ban ko ɗaga ido daga zuge jakata ba na ce, "Lalaci ne. A ƙara masa aiki." Ya yi godiya, ya ba mu hanya. Sai da muka koma mota Hajiya Ladi ta ce, "Malama, ko sunan yaron ba ki tambaya ba." Na ce mata duk irinsu ɗaya ne.

An ce in jira a tashar Tudu da ke cikin Ankara, za a zo ɗaukata ƙarfe biyar. Biyar daidai motarmu ta tsaya. Hajiya Ladi ta yi mini sallama ta bi 'yan matan dako da suka ɗora buhunanta a manyan kwanoni. Ni kuwa na tsaya da jakata, biyar da rabi ta yi, shida saura kwata ta yi, ina ta shirya faɗan da zan yi a kan mutunta lokaci. Can sai ga wata doguwar budurwa ta tsaya a gabana tana haki. Goshin Yaya Sani ne, wushiryarsa ce, har yadda yake karkatar da kai in zai yi magana. Ta ce, "Gwaggo, ka iso da wuri! Biyar ma bai yi ba." Ashe tun daga Togo agogo ya ja baya da awa ɗaya, ni kaɗai ce a duk tashar nake zaune a Nijeriya. Faɗan ya tsere mini. Na rungume ta na yi kuka sosai, mutane na ratsa mu.

Kun dai ji ta ce mini "ka iso". Haka Hausarsu take, mace da namiji duk "shi" ne. Da muka sauka daga torotoro, wato ƙaramar bas ɗinsu ta haya, muka kutsa cikin unguwa, ta ko'ina ji nake ana cewa, "Gwaggon Adiza ya zo! Gwaggo ya zo daga Nijeriya!" Zama namiji bai dame ni ba kamar sunan. A can ba a sakaya shi. Mai shago, mai wanki, mai ɗinki, kowa ƙwala shi yake yi daga nesa, ni kuma duk aka kira sai gabana ya faɗi, in ji kamar in ce a yi a hankali, uwata ce.

Gidan yana can ciki. Daga titi za ka shiga lungu, lungun ya haifi wani lungun, kwata na bin tsakiya, rufin kwanon gidajen hagu da dama sun kusa haɗe baki a saman kanka. In kun haɗu da mai tahowa sai ɗaya ya manne da bango. Sai ka sha wata kwana mai matsi, sannan ka faɗa tsakar gida mai ɗaki goma sha ɗaya da famfo ɗaya. Akwai Zabarmawa, akwai Mosawa, akwai Dagwamba, akwai wata Kirista da ke tashinmu sallar asuba in ta ga mun makara. Dukansu da Hausa ake faɗa, da Hausa ake shiryawa.

Memuna wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi, abin da suke kira wace. Kada ku yi zaton irin namu ne na mai da yaji. Nasu ja ne, a ganye ake zuba shi, a ɗora taliya, a barbaɗa garin rogo, a sa dafaffen ƙwai da ganda, sannan a kawo wani baƙin yaji mai suna shito a dangwala. Na ce, "Matar yaya, wannan abinci ne ko taron ƙasa?" Ta ce in ci tukuna. Na ci, na nemi ƙari, ta shiga gaya wa duk wanda ya zo saye. Kokonsu kuwa barkono da kanumfari ne suka yi masa yawa, kurɓar farko sai da na yi tari. Dokunu, wani curin masara mai tsami, shi ne muka rabu ba mu fahimci juna ba.

Washegari muka fara karatu a kan benci bayan rumfar Memuna, da zarar tukunya ta ƙare wajen sha ɗaya. Yadda na saba na yi: in yi misali, ta kwafa, in ba ta goma irinsa. Goman nan kuwa sai ta ci tara. Amma da na sauya wa tambaya riga, na mai da ita labari, sai yarinya ta daskare. Ta ƙura wa takarda ido, ta juya biro, can ta ce, "Gwaggo, wannan wane fomula ne?" In gaya mata, ta yi, in sauya labari, ta sake tambaya. Kwana huɗu muna haka. Ran na huɗu zafi ya dame ni, hayaƙi ya dame ni, na buga littafi a benci na ce, "Ke wai kan nan naki ado ne?"

Ba ta yi kuka ba. Ta rufe littafin a hankali ta ce, "Haka tichanmu ma ya ce." Ta ɗauki kwanonin uwarta ta tafi wanki.

Da la'asar Memuna ta same ni a ƙofar ɗaki. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Yayanka kullum yana gaya ma mutane, ƙanwata babban ticha ne a Zariya, ran da ya zo Adiza ya huta." Na ji maganar har cikin ƙashina. Amma kun san halina. Maimakon in ce ni na yi laifi, sai na ce laifin benci ne. Wa ya taɓa koyar da lissafi ba allo?

Na tafi wurin wani tsohon kafinta a bakin titi, Baba Isaka, na ce ina son allo, falle guda cur, ƙafa takwas da ƙafa huɗu, a shafe shi da baƙin fenti. Ya ce, "Wane gida?" Na ce gidan su Memuna mai wace. Ya cire fensir daga bayan kunne ya ce, "Na bayan kwana? Hajiya, ka auna lungun?" Na ce masa allo na zo saye, ba lungu ba. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ce sauri nake yi. Ya ce, "Yoo," ya mai da fensirinsa. Daga baya na gane a Nima ba a yin gado ko kabad a kai wa mutum a haɗe. Gunduwa-gunduwa ake shiga da su, a haɗa a cikin ɗaki. Ko firiji mutum zai saya, sai ya fara bin lungunsa da igiya. Kowa ya san haka ban da malamar lissafi.

Kwanakin da aka yi ana jiran fenti ya bushe, Ummi gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta kawo mini ruwan wanka, ta wanke mini kaya, amma ko kallon littafin ba ta yi. Ran Litinin allo ya iso, rajista kuma Juma'a za a rufe.

Ƙarti biyu suka ɗauko shi a tsaye bisa gefensa, Baba Isaka na biye da su, ni ina gaba kamar mai rakiyar amarya. Lungu na farko lafiya, na biyu da ƙyar. Da aka zo kwanar nan sai allo ya ce nan zai kwana. Goshinsa ya tokare bangon gaba, wutsiyarsa ta tokare bangon baya, cikinsa ya manne da kusurwa. Aka ja baya aka sake, haka. Aka ce a miƙar da shi tsaye, rufin kwano ya hana. Aka ɗaga goshin sama kaɗan, sai ma ya ƙara tsawo. Kafin minti goma lungu ya toshe gaba da baya. Mai tallan biredi na jira, masu zuwa masallaci na jira, wata mai ɗauke da bokitin ruwa a ka tana zagin allon da wani yare da ban sani ba. Kowa kuma injiniya ne. "A bi ta sama!" "A cire kwano!" "A lanƙwasa shi!" "Wa ma ya sayi wannan abu?" Aka nuna ni.

Nan na ga damar wanke kaina. Wannan tambaya ce da na sani tun a kwaleji, akwai ƙa'idarta. Na karɓi tef ɗin Baba Isaka, na auna faɗin wannan lungu da na wancan, na tsuguna na yi aikina a bayan rasit, tsaf, layi bayan layi. Na miƙe na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ba zai wuce ba. Lissafi ya nuna. A raba shi biyu." Wani ya ce, "Ticha ya faɗa." Baba Isaka ya aika a kawo zarto.

"Gwaggo, a tsaya tukuna."

Ummi ce, ta dawo daga kasuwa da kwano a ka, ta maƙale a bayan jama'a. Ta sauke kwanon, ta ratso ta ƙarƙashin hannuwan mutane. Ta ce, "Ba zai wuce ba, na ji. Amma da nawa?"

Na ce, "Da nawa me?"

"Da nawa ya fi ƙarfin kwanar? Da yawa ne ko kaɗan?"

Amsar tana nan cikin takardata, amma ban dube ta ba, domin ba ita nake nema ba. Ita kuwa ba ta jira ni ba. Ta sa aka ja allon baya. Ta auna tsawonsa da tafin hannunta, daga babban yatsa zuwa ƙarami, ta samu taƙi goma sha biyu. Ta kwance igiyar shanya ta wata mata, ta ba mai biredi ɗaya bakin igiyar ya dafe a bangon baya, ita ta riƙe ɗayan a bangon gaba, igiyar na gogar kusurwa. Suka riƙa matsawa, ta ce masa gaba kaɗan, baya kaɗan, har ta samu inda igiyar ta fi gajarta. Ta ƙulla wurin, ta auna. "Sha ɗaya da ɗan abu," in ji ta. "Taƙi ɗaya ma bai cika ba. Saboda taƙi ɗaya za a yanka allon Gwaggo?"

Baba Isaka ya ce, "To ina za ka samo taƙin, Adiza? Bango ba ya matsawa."

Ta tsaya tana kallon bangon gaba, kanta a karkace irin na ubanta. Sannan ta taka zuwa daidai inda goshin allon ya bar baƙin fenti, ta ɗora hannu a kan wata tsohuwar ƙofar katako da ni ban ma lura da ita ba. Ta ce, "Za mu ara a wurin Nna Azumi."

Jama'a suka kwashe da dariya. Nna Azumi tsohuwa ce mai sayar da koko, ƙofar bayan ɗakinta ce, ta shekara da shekaru a rufe, buhunan gero jingine da ita. An ce ko limamin unguwa sai ya shirya kafin ya yi mata magana. Ummi ta zagaya ta ɗaya gefen. Muna jiyo faɗa ta cikin bango, muna jiyo Ummi na cewa, "Nna, taƙi ɗaya kawai, yanzu za mu maido maka." Sai muka ji ana jan buhu. Ƙofa ta yi ƙara ta buɗe, ga tsohuwa riƙe da ludayi tana tambaya wace ce baƙuwar da ba ta da ido.

Ummi ta ba da umarni, ƙarti suka bi. Goshin allo ya leƙa ɗakin Nna Azumi, wutsiya ta samu sarari ta juyo, aka ɗan ja baya kamar mota mai ribas, aka miƙe. Allo ya wuce ko ƙwarzane babu. Lungu ya ɗauki tafi da sowa. Nna Azumi ta rufe ƙofarta tana cewa gobe kuma jirgi za su kawo. Ni ina tsaye da rasit a hannu. Lissafina daidai ne, ba kuskure ko ɗaya a ciki, kuma da an bi shi da yanzu allona biyu ne.

Da aka kafa shi a tsakar gida na fasa kwalin alli, na miƙa wa Ummi ɗaya. Na ce ta zana mini abin da ta yi. Ta ce, "Gwaggo, wannan ai ba lissafi ba ne. Shigar da kaya ne. Tun ina ƙarami nake shigar da teburin Maama." Na ce ta dai zana. Ta ja layi biyu, ta yi kwana, ta ja igiya, ta sa ƙofa. Na ce, "Wa ya ba ki fomula?" Ta dubi zanen nata. Na ce, "Kin tambayi abin da ake nema. Kin gwada da abu mai sauƙi kafin mai nauyi. Kin gano abin da ya rage, kin nemo inda yake. Ni da na yi shekara ashirin da shida ina cin albashin lissafi, ko lungun ban kalla ba." Na dafa kafaɗarta. Na ce, "Ummi, maganar da na faɗa miki ran nan, ƙarya na yi. Ki yafe mini." A gaban matan gida na faɗa, kuma ban taɓa ba ɗaliba haƙuri ba sai ran nan.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama sauƙi. Washegari na rubuta mata tambayar tanki mai famfo biyu, ɗaya na zubawa, ɗaya na tsiyayewa. Ta daskare kamar kullum, ta juyo za ta tambaye ni fomula. Ni ma bakina har ya buɗe zai ba ta. Sai Memuna ta turo mini faranti cike da wake ta ce, "Ƙanwar miji, tsince mini wannan." Na dube ta, ta dube ni. Na sunkuyar da kai na hau tsintar wake. Abin da kawai na ce shi ne, "Zana shi. Ina allon, ina kwanar?"

Minti arba'in ta yi a kan abin da zan gama a minti uku. Ta zana tanki har da mai jiran layi da bokiti. Ta bi wata hanya ta ɓata, ta goge. Ta bi wata ta samu amsar da ta nuna tankin zai cika kafin a buɗe famfo, ta yi dariya da kanta ta ce, "Wannan ƙarya ne." Ta ce bari ta ga abin da zai faru a minti ɗaya tukuna. Daga nan hanya ta buɗe. Ni kuwa wahalar da na sha ta yin shiru ta fi ta hanyar Ikko. A kwana uku na tsince wa Memuna waken da zai yi mata mako biyu.

Maganar rajista ban sake tayar da ita ba, ko da yake ita ce a raina safe da yamma. Ran Juma'a Ummi ta ɗauki kwanoni ta fita da sassafe kamar kullum, ba ta ce komai ba. Aka sayar da abinci ba ta dawo ba. Aka sauko daga masallaci ba ta dawo ba. Na zauna gaban allon ina tunanin abin da zan ce wa Yaya Sani in mun haɗu a lahira. Wajen la'asar ta shigo, ta gaishe ni, ta wuce ɗaki. Sai da na tashi ɗaukar alli na ga takardar rajista a ninke ƙarƙashin kwalin, da hotonta a manne, ta ɗaure fuska kamar wadda aka kama. Na leƙa ɗakin na ce, "Shi ne ba ki faɗa ba?" Ta ce, "In na faɗa za ka yi ta magana, Gwaggo."

Na ƙara mako biyu muna aiki, sannan hutu ya ƙare. Na bar mata alli da littattafai. Allon kuwa ko ina so ba zai fito ba, domin Nna Azumi ta ce ƙofarta ta yi buɗewar ƙarshe. Memuna ta cika mini kwalba da shito, Nna Azumin da kanta ta aiko mini da ƙullin kayan koko, wai in kai wa mutanen Nijeriya su san abin da ake kira koko. A Aflawo na duba ko zan ga jami'in nan, in tambaye shi sunan ɗansa, in janye maganata. Ba shi ne a bakin aiki ba. Har yau abin yana damuna.

Ku da kuke cewa tun da na dawo ajina ya cika surutu, kuna ganin 'yan mata a gaban allo ni ina zaune a baya na harɗe hannu, to dalilin ke nan. Ba tsufa ba ne. Waken tsinta ne kawai ba ni da shi.

Ranar jarrabawa Ummi ta aiko mini da saƙon murya. Ta ce, "Gwaggo, tambaya na tara ya maƙale a kwana. Na ji kamar in tashi. Sai na zana shi. Ban sani ba ko na samu ƙofa, amma ban fito ba sai da aka karɓe takarda."

Makon jiya, ana tsakiyar tara, hoto ya shigo wayata. Waɗanda ke ofis sun ga lokacin da na ajiye jan biro. Ba wani maki ne na a zo a gani ba, daidai abin da makarantar ungozoma ke nema ne, ko taƙi ɗaya bai ɗora ba. Amma ba makin na tsaya kallo ba. Saman takardar na kalla, inda aka rubuta sunan uwata, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, da sunan yayana, wanda ya fita aji saboda ni, a jere a layi ɗaya. Malama Talatu ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Sakamakon wa ye wannan kike kuka?"

Na share ido, na buɗe baki, na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba tun da aka haife ni.

Na ce, "Na Hadiza Sani ne."